Kayan doguwar tafiya a babur: abin da za ka fara saya kafin ka ɗau hanya

Tabon da ke tafin hannuna na dama ya samo asali ne daga wata kwana tsakanin Birnin Kudu da Ningi. Ruwan daren jiya ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta, akuya ta ratso, na dafe birkin gaba, sai kawai na ji ni a ƙasa. Gudun bai kai kilomita 40 ba. Babur ɗin bai yi komai ba banda madubi ɗaya da ya fashe, amma ni na yi sati uku ba na iya alwala da hannun. Wani dattijo da ya taso daga gona ya taimaka mini muka ɗaga babur, ya dubi fitilun ado da na jera a gaba, ya dubi hannuna, ya ce, "Yaro, ka yi wa ƙarfe sutura ka bar naman jikinka a waje." Tun daga ranar na sauya yadda nake kashe kuɗi a kan tafiya. Jiki nake fara sayen wa kaya, sannan abin da zai hana babur tsayawa a daji, sannan abin ɗaurin kaya. Ado in kuɗi ya ragu.

Zan ɗauki hanyar da na fi sani in yi misali da ita: Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, kimanin kilomita 300, daga nan a hau Jos, wajen kilomita 130. A ƙaramin babur irin Bajaj Boxer ko TVS ko Haojue, mai injin cc 100 zuwa 150, tafiyar kwana biyu ce cikin natsuwa. Tana da zafi, tana da ƙura, kuma tana ƙarewa a kan tsauni mai sanyi, saboda haka duk abin da ya isa wannan hanya zai isa yawancin hanyoyinmu.

Mataki na farko: hular kwano

A nan zan daɗe, domin a nan ne aka fi cutar mutane. Da hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta fara tilasta sa hular kwano a farkon 2009, an ga masu babur sun kifa ƙwarya da robar fenti a kansu don su wuce shinge. Har yau wannan tunanin bai gushe ba: ana sayen hula don jami'i, ba don kai ba. Alhali ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarun baya ita ce, hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69.

Kafin ka je kasuwa, ari tef ɗin tela ka auna kanka. Ka zagaya shi ta goshi, kamar faɗin yatsa ɗaya sama da gira, ya bi ta saman kunnuwa zuwa tudun ƙeya. Santimita 55 zuwa 56 shi ne S, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Lambar jagora ce kawai, sai ka gwada. Hular da ta dace za ta ɗan matse kumatunka. Ka ɗaure igiyar, ka kama hular da hannu biyu ka juya ta hagu da dama: idan fatar goshinka ta bi ta, daidai ne, idan kuwa hular ta zame kai yana tsaye, ta yi maka yawa. Sannan ka sa hannu ta ƙeya ka turo ta gaba da ƙarfi kamar za ka tuɓe ta. In ta fita, to haka za ta fita a ranar da ka fi bukatarta. Ka bar ta a kanka minti goma a cikin shagon ko da mai shago ya ƙosa, domin wurin da ya fara yi maka zafi a minti goma zai zama ciwon kai kafin ka kai Wudil.

Abin da ke ceton rai ba ƙwanson waje ba ne, farin soso mai tauri ne da ke ciki, wanda yake murƙushewa ya shanye bugu. Ka ɗaga yadin ciki ka taɓa shi. Ya kamata ka ji kaurinsa ya kai yatsu biyu ko kusa da haka. Hular da ba ta da shi, irin ta masu aikin gini, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don kan da zai daki kwalta ba. Kuma soson nan sau ɗaya yake aiki. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar hular gwanjo: tana iya yin ƙyalli a waje alhali ta riga ta sha bugu a wata ƙasa.

Ka duba igiyar haɓa. Hular da ta ci gwajin Turai tana da ɗan ƙyalle da aka ɗinke a jikin igiyar, da harafin E da lamba a cikin da'ira, sannan dogon layin lambobi da ya fara da 05 ko 06. Na 06 shi ne sabon gwaji, ya fi tsanani. Idan ka ga harafin P a layin, an gwada ƙarfin haɓar hular, J kuma na mai buɗaɗɗiyar fuska ne. Tambarin DOT na Amurka da ake liƙawa a ƙeya shi kaɗai ba ya gamsar da ni, domin kowa na iya buga sitika. Ni mai rufe fuska gaba ɗaya nake sawa, duk da zafi, saboda wanda ya kifa ta gaba haɓa da baki ne suke fara isa ƙasa. Ka zaɓi fara ko mai haske, wadda take da ƙofofin iska da suke buɗuwa da gaske. Gilashinta ya zama garau. Baƙin gilashi yana da daɗi da rana, amma da magariba ko cikin hazo makanta ne, gara ka sa tabarau a ciki ka cire idan rana ta yi sanyi. Kada ka cusa hular zanna ko rawani a ƙarƙashinta. Siririyar hular yadi mai shan gumi ta isa, ita kuwa zannar ka adana ta a jaka sai ka sauka.

Mataki na biyu: hannu, ƙafa, sannan sauran jiki

Duk wanda zai faɗi, hannu yake fara miƙawa. Ka nemi safar hannu ta fata, mai ninki biyu a tafi, mai maɗauri a wuyan hannu. Ka gwada ta kamar yadda ka gwada hula: ɗaure, ka ja ta yatsu, in ta zare ba ta da amfani. Ka kama kan babur da ita ka ja kuloci da birki ka ji ko ɗinkin yana cizon yatsa. In kuɗi bai kai ba, safar fata ta masu walda ta fi hannu tsirara nesa ba kusa ba, sai dai ka samu wadda ba ta yi maka yawa ba.

Takalmi kuma ya rufe idon sawu. Silifa da fade ba kayan tafiya ba ne, ƙafa ce take shiga ƙarƙashin babur idan ya kwanta, kuma salansa tana nan da zafinta tana jira. Ba lallai sai na masu tsere ba. But ɗin fata irin na ma'aikata ko na sojoji, wanda za ka samu a layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai, ya wadatar. Ka murɗa shi da hannu kamar kana matse wanki, idan ya murɗu cikin sauƙi ka ajiye. Igiyarsa ka cusa ta ciki kada ta kama ƙarfen giya a lokacin da kake son sauke ƙafa.

Riga ita ce inda yanayinmu yake wahalar da zaɓi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, kuma duk rigar da ta hana iska shiga za ka tuɓe ta kafin azahar, rigar da ke cikin jaka kuwa ba ta kare kowa. Mafita ita ce rigar babur mai raga-raga a ƙirji da baya, da matashi mai tauri a kafaɗa da gwiwar hannu. Ka zaro matashin ka duba, na gaske yana da tambarin CE a jikinsa, ba soson katifa ba ne. Wanda bai samu ba, ya sa jaket ɗin jins mai kauri da wandon jins, ya ƙara abin kare gwiwa da ake ɗaurawa ta waje. Don hawan Jos, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200, ka tanadi rigar sanyi siririya da za ta shiga ƙarƙashin jaket. A watan Disamba da Janairu, iskar asuba a kan babur tana daskarar da yatsu har mutum ya kasa jan birki da sauri. Rigar ruwa mai riga da wando tana aiki biyu: damina ta tare ruwa, hunturu ta tare iska. Irin mai faɗi da ake zurawa ta ka tana kaɗawa kamar tuta, ban yarda da ita a kan titi ba. A kan komai ka ɗora rigar nan mai ɗaukar ido ta ruwan lemo ko kore. Kuɗinta kaɗan ne, kuma direban tirela yana hango ta daga nesa.

Akwai abin da nake roƙon kowa a kai. Babbar riga, jallabiya, dogon hijabi da mayafi suna shiga cen ko wayoyin wilin baya. Idan za ka ɗauki uwargida ko ƙanwa, ka tsaya da kanka ka ga ta tattare hijabinta ta zauna a kansa, ka tabbata ragar ƙarfen da ke gefen wilin baya tana nan, kada bakanike ya cire ta da sunan tana ɓata wa babur kyau. Ita ma fasinja kanta kai ne, hula biyu za ka saya.

Mataki na uku: babur ɗin kansa

Kafin ka ƙara masa komai, ka gyara abin da yake da shi, kuma ka kai shi gareji sati guda kafin tafiya, ba daren tafiya ba, don ka samu kwanakin da za ka gane ko an bar wani noti a kwance. Taya ce kan gaba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2322 na nufin sati na 23 a shekarar 2022. Tayar da ta wuce shekara biyar, ko wadda gefenta ya fara tsattsagewa, ka canza ta ko da zanenta bai cinye ba, domin rana tana busar da roba. Ka sa sabon tiyub, wanda aka cire in yana da lafiya ya zama na ajiya. Iska kuwa kada a auna maka ita da bugun sifana. Ka sayi ɗan gejin iska na aljihu, ka bi abin da littafin babur ya ce. A irin waɗannan ƙananan babura yawanci wajen 25 ne a gaba a ma'aunin PSI na jikin geji, 28 a baya, a kai 32 idan akwai fasinja ko kaya. Da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi.

Cen ya kasance yana da wasan santimita biyu zuwa uku a tsakiya. Idan haƙoran siroket sun yi tsini sun karkata kamar ƙayar sarƙaƙiya, ka canza su tare da cen gaba ɗaya. Ka zuba sabon baƙin mai irin wanda littafin ya ambata, ka wanke filtar iska, ka duba takalmin birki gaba da baya. Madubi biyu su koma wurinsu. Samarinmu suna cire su, amma a hanyar Bauchi, inda motocin haya suke taho maka ta baya ba sallama, madubi ido ne.

Ƙari uku ne kawai na ga sun cancanci kuɗinsu. Ƙarfen kare ƙafa da ake ɗaurawa a gaban inji, domin yana hana babur danne ƙafarka. Ƙwan fitila mai haske sosai, a daidaita shi ya kalli titi kada ya kashe wa na gaba ido. Sai wurin cajin waya, da sharaɗin mai wayarin ya sa masa fis kuma ya haɗa shi ta makulli, in ba haka ba za ka wayi gari batir ya mutu. Fitilun ado masu walƙiya da ham mai kukan tirela suna jan wutar da ƙaramin inji ba shi da ita. Sit kuwa, in yana gasa maka zama, kai wa mai ɗinkin kujera ya ƙara soso mai tauri. Mai laushi yana lotsewa cikin awa ɗaya ka koma zaune a kan ƙarfe.

Mataki na huɗu: jakar gyara

Tsakanin Ningi da Bauchi akwai wuraren da za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga mai faci ba. Wani bakanike da na daɗe ina kai wa aiki ya koya mini dabarar da ta fi kowane jerin sunaye amfani. Ya ce, "Alhaji, zauna a tsakar gidanka ka cire wilin baya ka mayar, ka cire fulogi ka mayar. Duk ƙarfen da hannunka ya taɓa, shi ne zai bi ka. Wanda ba ka taɓa ba, bar shi a gida." Na yi hakan, sai na tarar kayan ba su cika tsohuwar safa biyu ba: sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da wadda ta dace da notin wili, sifanar fulogi, filaya, sukundireba mai baki biyu, ƙarafan ɓare taya guda biyu, kayan faci da gam ɗinsa, da famfon hannu. Na ƙara da fulogi sabo, wayar kuloci, wayar totur, mahaɗin cen, fis, ƙwan fitila, salatif ɗin wuta, 'yar waya ta ɗauri, da baƙin mai a ƙaramar gora don shafa wa cen.

Amfanin gwajin tsakar gida bai tsaya ga zaɓen kaya ba. Ranar da tayarka ta sace a gefen daji da la'asar, ba ranar koyon ɓare taya ba ce. Ka koya a inuwa, ka huda tiyub ɗaya ko biyu da ƙarfe kana koyo, ya fi maka sauƙi.

Mai kuma ka san tankinka. Ka cika shi, ka rubuta lambar mita, ka yi yawonka har ya shiga rizab, ka ga kilomita nawa ya kai ka. A hanya ka riƙa sha tun yana rabi, a gidan mai na gari. In dole ta sa ka sayi na 'yan bumburutu, ka ɗaga galan ɗin ka duba ƙasansa ko akwai ruwa ko laka, ka sa a tace da ƙyalle. Ba na son ɗaukar fetur a gorar ruwa, zafi yana kumbura ta.

Mataki na biyar: ɗaurin kaya

Ƙa'idar ɗaya ce: mai nauyi ya yi ƙasa, ya matso tsakiyar babur. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tula komai a can ƙarshen kariyar baya. Gaban babur sai ya yi sakayau, kan ya riƙa rawa, musamman a yashi ko idan babbar mota ta wuce ta watso iska. In kai kaɗai ne, wurin zaman fasinja shi ne mazaunin babbar jaka. Kayan gyara da ruwa su shiga jakunkunan gefe, nauyin hagu ya yi daidai da na dama. Ka lura da ɓangaren salansa: a bar tazarar da hannu zai shiga, ko mai walda ya yi maka ɗan ƙarfe ya tokare jakar. Na taɓa ganin jakar abokin tafiya ta narke ta manne da salansa, rigunan sallarsa duka suka ƙone ta gefe ɗaya.

Akwatin da ake kullewa na baya yana da kyau ga abu marar nauyi, kamar rigar ruwa da takardu. Jakar goyo kuwa kada ta wuce ta ruwan sha, domin nauyi a kafaɗa na awa shida yana kashe baya. Don ruwan sama, ka zura babbar leda mai kauri a cikin jaka kafin ka zuba kaya. Robar tiyub da muke ɗauri da ita tana da ƙarfi, amma rana tana cinye ta, saboda haka ka yanka sabuwa, ka haɗa da igiya mai ƙarfi ta biyu, kuma kada ka bar wutsiyar ko ɗaya tana lilo kusa da wili. Bayan ka ɗaure, ka kama kayan ka girgiza: babur ne zai motsa, ba kayan ba. Shokazoba na baya yawanci yana da matakala, ka ɗaga shi mataki ɗaya ko biyu saboda nauyi. Idan ka yi kilomita 20 na farko, ka tsaya ka sake jan kowane ɗauri, domin kaya suna zaunawa.

Abin da zai zauna a jikinka

Lasisin tuƙi na ajin A, takardun babur da rasit ɗin sayensa, inshora da katin shaida, duk a leda a aljihun ciki, kwafinsu kuma a jaka da cikin waya. Kuɗi ka raba su wuri biyu, da canji a aljihun waje don kada ka buɗe babbar ajiya a gaban jama'a. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya 112. Ka rubuta sunanka da lambar wani ɗan'uwa a takarda ka sa a aljihun ƙirji, saboda wayar da aka kulle ba ta gaya wa mai taimako komai.

Ruwa aƙalla lita biyu, ka riƙa kurɓa a kowace tsayawa ko ba ka ji ƙishi ba, domin iska tana busar da gumi ba ka sani ba. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, filasta da farasitamol. Duk maganin mura mai sa barci ka bar shi sai ka sauka. 'Yar buta da siririyar sallaya ba su da nauyi, kuma tsayawar azahar ita ce hutun da inji yake bukata shi ma.

Abu na ƙarshe ba a sayensa a kasuwa. Kano ta hana acaɓa a cikin birni tun farkon 2013, jihohi da dama kuma sun taƙaita zirga-zirgar babura a wasu ƙananan hukumomi ko wasu sa'o'i saboda matsalar tsaro, kuma dokokin suna sauyawa. Kwana ɗaya kafin ka tashi, ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka dawo ta hanyar a ranar: ina aka hana babur, ina gada ta karye, ina ba a bi bayan la'asar. Ka sake tambaya a Bauchi kafin ka hau Jos. Ka tashi bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa, ka tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi ka miƙe ƙafa ka taɓa ɗauri da taya, ka gaya wa na gida garin da za ka kwana, kuma ka tsara yadda la'asar za ta same ka a cikinsa.